Shekara Biyun da Goggo Atu Ba Ta Ƙirga Ba

Akwatin ƙarfen ya kwana goma sha ɗaya a tsakiyar ɗakin Goggo Atu, a Kebbe, kuma babu ranar da ba a zazzage shi an sake shiryawa ba. Takardar da kwalejin horon malamai mata ta aiko daga Kano ta faɗi abin da sabuwar ɗaliba za ta zo da shi: zane huɗu, kallabi huɗu, kwanon ci, kofi, sabulu, allura da zare. Bara'atu ta karanta jerin har sau uku. Goggo Atu ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta ƙara daddawa da kuka, da yaji a ƙullin tsumma, da man shanu a kwalba, da wata 'yar muciya sabuwa.

"Goggo, muciya kuma? An ce su ke dafa mana abinci."

"An ce. Wa ya je ya ci ya dawo ya ba ki labari?"

Goggo Atu ƙanwar mahaifin Bara'atu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta riƙon 'yar farin wanta, kamar yadda aka saba. A hannunta yarinyar ta tashi. Daga ɗakinta ta shiga elementare, daga nan ta tafi makarantar 'yan mata a Sakkwato, ga shi yanzu a ƙarshen 1956 ta ci jarrabawar kwaleji. Saura wata guda da 'yan kwanaki a buɗe.

Ranar Litinin da hantsi aka yi sallama a zaure. Malam Bube ne, wanda ya rubuta sunan Bara'atu ranar da ta fara makaranta a Kebbe. Yanzu shi ne hedimasta a Tambuwal, kuma ta hannunsa takardunta ke bi. Ya jingine kekensa, ƙafafun wandonsa cike da ƙarangiya. Bai taɓa furar da aka kawo masa ba sai da ya fito da wata takarda daga aljihu.

"Goggo, wasiƙa ta zo daga Kano. Sun duba takardun Bara'atu, sun ga shekara goma sha fuɗu. Su kuwa ba su ɗaukar ɗaliba sai ta cika goma sha shidda. Sun ce in ba kuskure ba na, za su ba wata gurbinta."

Bara'atu tana durƙushe a bakin ƙofa. Ta zuba ido a kan wata tururuwa da ke zagaya gindin ƙwaryar fura, don ta samu abin kallo.

"To mi za a gyara?" in ji Goggo Atu. "Goma sha fuɗun ta. Ni na ƙirga da kaina, ban tsallake ko guda ba."

"Ni dai abin bai kwanta mini ba, shi ya sa na zo da kaina. 'Yan ajinta duk sun cika sha shidda. Ranar da kika kawo ta kika ce mini shekara shidda, na dube ta 'yar ƙanƙanuwa, na rubuta. Daga yaushe kika fara ƙirga?"

"Daga ranar da na goyo ta na shigo da ita gidan ga."

Malam ya sake duban takardar. "Ranar nan, tana tafiya?"

"Tafiya? Gudu ma. Sai da munka tare ta bayan rumbu kafin in goya ta. Ta cije ni nan," ta nuna kafaɗarta, "haƙori cike da baki."

Malam Bube ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. "Goggo, to shekarun da ta yi tana shan nono fa?"

"Waɗannan ba nawa ba na. Ni nawa nika ƙirga."

Dariya ta taso masa, ya danne ta da kurɓar fura. Sannan ya yi bayani. Kwaleji za ta karɓi gyara, amma sai da shaidar uwa ko uba a rubuce, a faɗi shekarar haihuwa, a dangwala yatsa. Mahaifin Bara'atu, Maccido, ya rasu tun tana aji biyu. Saura uwa. Motar da ke ɗaukar wasiƙu kuwa ranar Alhamis da azahar take ratsa Tambuwal, kuma in takardar ba ta bi ta ba, ta makara.

"Uwa," Goggo Atu ta maimaita. "Maimuna za ta zauna gaban namiji ta ce ita ta haifi ɗiyar fari? Malam, kai ba ɗan ƙasar ga ba na?"

Malam ya sani. Bara'atu ma ta sani. Tun da take, ba ta taɓa jin sunanta a bakin Maimuna ba. Kunyar ɗan fari ce, kowace mace mai mutunci tana yi, amma ta Maimuna har kwatance ake yi da ita a unguwarsu. In Bara'atu ta je Tambuwal da Salla, sai Maimuna ta dubi bango ta ce, "A gaya ma baƙuwar Atu ga tuwo nan." Ita kuma Yaya take ce mata, kamar wata babbar 'yar uwa. Ba ta taɓa jin haushi ba. Ta dai koyi lura: tuwon baƙuwar Atu kullum shi ke da man shanu har gefen kwano.

Malam ya juya da kekensa a ranar. Su kuma washegari suka kama hanyar Tambuwal, Goggo a kan jaki, Bara'atu a ƙasa. An gama girbi, gonaki sun zama fili, shanu na kiwo cikin kara. Sun yi nisa, sai Goggo ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

"Jiya Shaiɗan ya zo mini."

"Ya ce mi?"

"Ya ce, Atu, kama bakinki. Ki ce ciwon ƙafa ya hana ki tafiya Tambuwal. Ki samu shekara biyu kyauta, ɗiyarki na gabanki tana yi miki daka."

"Ke kika ce mi?"

"Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara." Ta zunguri jakin da diddige. "Sai na duba akwatin nan. Wa zai ci daddawar nan duka in kin zauna?"

Bara'atu ta yi dariya, amma ta ga Goggo ta ja gefen mayafi ta goge hanci, sai ta rage sauri ta bar jakin ya ɗan wuce gaba.

Suka kwana a wani ƙauye wurin dangi, suka shiga Tambuwal ranar Laraba da la'asar. Maimuna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tankaɗe. Doguwa ce, marar yawan magana, ta zauna a gidan mijinta bayan rasuwarsa tana riƙon ƙananan 'ya'yanta. Tsakaninta da Atu wasa ne, irin na mace da ƙanwar miji.

"Uwar ɗiya, lafiya da tsakar mako? Ko tuwon Kebbe ya ƙare?"

"Matata na zo dubawa. An ce kin yi ƙiba ba da izinina ba."

Aka gaisa, aka sha ruwa. Bara'atu ta durƙusa ta gaida Yaya, aka amsa wa iska. Sai Goggo Atu ta jawo kujera ta zauna, ta faɗi abin da ya kawo su tun daga zuwan Malam Bube har maganar haƙori. Maimuna ba ta daina tankaɗe ba.

"Ni ba ni da ɗiya Kebbe," ta ce a ƙarshe. "Ɗiyarki ta. Je ki dangwala."

"Ba ni Jabo ran da anka haihu. Gidanku kika tafi goyon ciki, ni ina Kebbe. Malam ya ce sai wadda ta gani da idonta."

"Ungozoma ta gani."

"Ungozoma ta rasu, kin sani."

"To Allah ya jiƙanta." Maimuna ta buga gefen rariya. "So kike matan gidan ga su yi ta yi da ni har in mutu? A ce Maimuna ta zauna gaban malami tana lissafin haihuwa, awa wadda ba ta da mafaɗi?"

"In ba ki yi ba, karatun shekara takwas ya tsaya nan."

Bara'atu ta ga Maimuna ta ɗebi garin da ta riga ta tankaɗe ta sake zuba shi a rariya.

Gab da magariba, da Goggo ta tafi alwala, Bara'atu ta tashi ta je bakin ƙofar ɗakin. Ta shirya magana tun a hanya, jimla uku, ta maimaita su har ta haddace. Ta durƙusa.

"Yaya."

Maimuna tana ciki tana jera kwanuka, ta ba ƙofa baya. Hannunta ya tsaya a kan wani murfi. Bara'atu ta buɗe baki, jimlolin uku suka ƙi fitowa.

"A gaya ma baƙuwa," in ji Maimuna a hankali, "akwai ruwan zafi a tukunya, in ƙafa na ciwo."

Ranar Alhamis da hantsi Malam Bube ya zo da takarda da alƙalami da 'yar gwangwanin tawada ta dangwale. Wan marigayi Maccido, wanda ke riƙe da gidan, ya yi masa izini ya shigo, shi kuma ya sulale kasuwa. Aka shimfiɗa wa Malam tabarma a ƙofar ɗakin Maimuna. Ta riga ta shige ta saki asabari. Matan gidan kowacce ta samo aikin da sai a bakin ƙofarta ake yinsa, wannan tsintar wake, waccan kaɗi.

Malam ya gaisa, aka amsa daga ciki. Ya faɗi abin da ya kawo shi cikin ladabi, ya tambayi shekara. Shiru. Ya sake tambaya ta wata hanya. Shiru. Ya ce ba sai an ambaci suna ba, a faɗi shekara kawai. Wata kaza ta zo ta leƙa gwangwanin tawada, ya kore ta. Inuwar zaure tana ta janyewa daga tsakar gida, Bara'atu tana kallonta tana auna saura nawa azahar ta yi.

Sai Goggo Atu ta gyara zama, ta miƙe ƙafafu.

"Malam, bar ta. Ni zan ba ka, ai an ba ni labari duka. Rubuta."

"Goggo, na faɗa miki sai wadda..."

Ta yi masa wani kallo, ya rufe baki ya ɗauki alƙalami.

"Ran da za a haihu," ta fara da murya yadda kowa zai ji, "uwar ta yi ta kururuwa har anka jiyo ta kasuwar Jabo. Masu sai da gishiri sunka bar kayansu sunka zo kallo."

Mai tsintar wake ta ɗago kai. Wannan ba ƙaramin sharri ba ne, don babu macen da za ta yarda a ce ta yi raki a haihuwar fari. Asabari bai motsa ba.

"Da tsakar rani anka yi ta, ran Talata, rijiyoyi duk sun ƙafe."

Babu motsi.

"Da ungozoma ta ɗauko jaririyar, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mummuna irinta ba. 'Yar mitsitsiya awa ɓera, kai ƙwal, babu gashi ko sili guda..."

"Da gashi."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa daga bayan asabari. Mai kaɗi ta tsayar da mazarinta.

"Mi kika ce, matata?"

"Na ce da gashi, Atu. Baƙi ƙirin, har wuya. Ungozoma cewa ta yi ba ta taɓa yanke cibin mai gashi irin wannan ba. Ki daina faɗin abin da ba ki gani ba."

"To na ji, da gashi. Amma dai da rani, ran Talata."

"Da damina. Gero ya fidda kai. Ran Jumma'a, ana kiran salla, ruwa na zuba ta wani gefen jinka, inna ta tara ƙwarya."

Bara'atu ta saci kallon Goggo. Fuskarta a murtuke take kamar mai neman faɗa, amma babban yatsan ƙafarta yana ta rawa a kan tabarma. Alƙalamin Malam yana tafiya a hankali don kada ya yi ƙara. Ya karkato wajen Goggo, ya yi magana kamar babu kowa a bayan asabarin.

"Goggo, damina na da yawa. Wace daga ciki?"

"Ai daminar da fara ta ci gonaki. Kowa ya sani."

"Ba ita ba," in ji Maimuna. "Ina cikin wankan jego, kwana goma sha biyu, Sambo ya shigo sallama. Ɗibar farko da anka yi ta soja, yana ciki. An ba shi kaki sabo, ko wanki bai gani ba. Ya ce sai an ba shi ya ɗauka. Anka ba shi. Ta jiƙe mai gaban rigar duka. Ya yi ta dariya, ya ce to shi an yi mai guzuri."

Bara'atu ta san Kawu Sambo a bakin mutane kawai, ƙanen Yaya da ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ba ta taɓa sanin ya ɗauke ta ba.

"Allah ya jiƙan Sambo," in ji Goggo Atu, wannan karon da muryarta ta gaskiya. Matan gidan suka amsa da amin.

"Ɗibar farko tare da ƙanen babana anka tafi da su," Malam ya ce. "Ina makarantar midil lokacin, na rubuta ranar a bangon littafina. Alif ɗari tara da arba'in." Ya ƙirga da yatsu. "Goma sha shidda da wata fuɗu."

"Kun ji," in ji Goggo. "Ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Shekara guda ta yi kawai, na zo na ɗauke ta."

"Wata ashirin da biyu da kwana tara."

Goggo ta juyo ta dubi asabarin.

"Kika zo kan jaki mai ɗingishi," Maimuna ta ci gaba, kamar maganar ta ƙi tsayawa. "Kika goya ta da zanen da ba shi da ƙarfi. Na ce ma inna ta bi ku da wani, ta ce ba a yin haka. Ina jin kukan har kunka wuce marina."

Babu wadda ta yi dariya. Tsohuwar da ke kaɗi ta saki mazarinta ya ci gaba da juyawa, ta sunkuyar da kai a kansa.

Malam Bube ya gama rubutu, ya hura takardar. "Doka ta ce sai na karanta a ji." Ya karanta a hankali: "Ni Maimuna, matar marigayi Maccido na Tambuwal, na shaida ni na haifi Bara'atu a garin Jabo, da daminar shekarar 1940." Ya ɗago kai. "Haka ne?"

Daga nesa, wajen bakin kasuwa, aka jiyo ƙugin mota tana shigowa gari.

"Abin da anka rubuta an rubuta," in ji Maimuna.

Goggo Atu ta dubi Malam da fargaba. Shi kuwa ya gyaɗa kai.

"Ni ma ɗan fari na, Goggo. Ban taɓa samun ko rabin wannan ba. Ya isa." Ya buɗe gwangwanin tawada. "Saura yatsa."

Ƙasan asabarin ya ɗan ɗaga. Hannu ya fito, tafin a ƙasa, ya tsaya a kan dokin ƙofa. Malam ba zai kama hannun matar mutane ba, sai ya tura wa Goggo takardar da tawadar.

"Ni? Ni da na ɓata shekara biyu? In na taɓa takardar nan sai ta koma sha biyu. Ga malama nan, ita anka koya ma aikin boko."

Bara'atu ta matso a kan gwiwoyinta. Rabon da ta taɓa wannan hannu ba ta iya tunawa. Ta kama shi. Yana da sanyi, tafin duk kantar taɓarya. Ta ware babban yatsan, ta danna shi a tawada, ta kai shi ƙasan rubutun, ta mirgina shi daga gefe zuwa gefe yadda ta ga ana yi. Shaidar ta fito sarai.

Ta saki. Hannun bai koma ba. Ya juyo ya kama wuyan hannunta, ya riƙe da ƙarfi har ta ji zafi. Sannan ya sake ta, ya shige, asabari ya sauka.

"Atu," muryar ta ce bayan ɗan lokaci, "an ce ƙasar can mutane sun yi yawa, ba a sanin na kirki da ido. A riƙa kama kai. In anka samu mai zuwa, a aiko da takarda. Akwai mai karanta mana."

"Za a gaya mata," in ji Goggo.

Malam ya riga ya ninke takardar ya sa a ambulan. Ya lashi bakinta yana tafiya, ya ja kekensa daga zaure, suka ji ƙararrawarsa tana nisa. Ba a jima ba wani maƙwabci da ya dawo daga kasuwa ya yi sallama ya ce Malam ya ce a faɗa wa Goggo ya sa wasiƙa a hannun direba.

Goggo Atu ta sauke ajiyar zuciya, ta miƙe tana dafa gwiwa. "To, matata, tunda kin iya magana haka, sai ki tashi ki dama mana fura. Jaki mai ɗingishi, wai. Jakin nan sai da ya shekara biyat bayan nan." Ta juyo, idonta ya sauka a wuyan hannun Bara'atu, inda yatsan ya bar tabon tawada shuɗi. "Ke kuma je ki wanke hannunki kafin ya ɓata miki zane."

Bara'atu ta ja bakin mayafinta ta rufe wurin.

"Sai an jima, Goggo."